Tafinta a Ɗakin Madam Odet

Talata, 3 ga Disamba 1996, bayan la'asar

Da Hausa zan riƙa rubutawa. In turugu, sojojin nan, sun shigo bincike suka ɗaga littafin, su yi ta kallo har idonsu ya yi ruwa. Faransanci suna iya samun mai karanta musu, Sango, yaren ƙasar nan, ma haka. Hausar boko kuwa ban san mutum biyar da ke karanta ta a duk unguwarmu ta Kilomita Biyar ba. Ni ma a jikin tsofaffin jaridun da ake naɗo mana ƙusa da kwado daga Kano na koya, ba wanda ya zaunar da ni.

Yau kwana goma Yaya Yahuza ba ya gida.

Na faɗa wa kowa abin da ya faru. Na faɗa wa Inna, na faɗa wa Baffa Alhasan ƙanin mahaifinmu, na faɗa wa Zulai matar Yaya. Mun je ɗauko fenti daga sito, sojoji suka tare mu a shingen bayan gada, suka duba takardunmu, suka ce Yaya ya hau mota. Ya hau da ƙafarsa. Ni suka ce in tafi. Ban san ko na gwamnati ne ko masu bore ne ba, kakinsu ɗaya ne. Sau nawa mutum zai maimaita magana?

Inna ba ta barci, ba ta cin abin kirki. Talatu maƙwabciyarmu, mai shara a ƙaramin asibitin unguwa, ta zo da labarin wai an kawo wata sabuwar likita, ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, zama kawai take a yi mata magana. Na ce to wannan ai ba likita ba ce, 'yar rahoto ce aka ba ta kujera. Talatu ta ce, "Kai dai Rilwanu bakinka ya fi ka girma." Inna ta ce za ta je. Sangonta na sayen gishiri ne kawai, shekara talatin da barin Damagaram bai ƙaru ba. Ni ne zan zama tafinta.

Alhamis, 5 ga Disamba, bayan azahar

Mun je. Ɗaki ne a bayan wurin awon ciki, kujera uku, tulu, taga ɗaya. Sunanta Madam Odet. Doguwa, da tabarau, takalminta ya ci ƙasa. Daga jin Sangonta ka san 'yar bakin kogi ce, ƙabilar da aka ce yawancin masu boren nata ne. To me ya kawo ta wurin Arabo, kamar yadda suke kiranmu? Wai wata ƙungiya ce ta turo ta, wai a Dakar ta yi karatun hankalin ɗan Adam. Kowa ma yana iya cewa Dakar.

Tana da littafi mai baƙin bango. Tana rubutu.

Ta miƙa mini kujera, na ce tsayuwa ta fi mini. Ta tambayi Inna me ya kawo ta. Inna ta ce barci. Ta ce tun yaushe. Inna ta yi shiru, ita ma ta yi shiru. Na rantse sun kai minti biyar ba mai cewa uffan, ina jin kukan jarirai ta bango. Na ce mata da Faransanci, "Madam, wannan shi ne maganin?" Ta ce, "Wani lokaci." Ko murmushi ba ta yi ba.

Da muka fito Inna ta ce matar tana da natsuwa. Mage ma tana da natsuwa a bakin ramin ɓera.

Juma'a, 6 ga Disamba, da yamma

A masallacin Koudoukou mutum goma sha ɗaya suka tambaye ni labarin Yaya. Na ƙirga.

Litinin, 9 ga Disamba, da hantsi

An ce an tsagaita wuta. Kasuwa ta buɗe rabi-rabi, ni ban buɗe shago ba. Baffa ya sake fita da hoton Yaya a aljihun gaba, na katin shaida da aka ƙara wa girma. Ya je bariki biyu, ya je gidan yari, ya je ɗakin ajiye gawa. Ko'ina sai a ce ya dawo gobe. Tsoho mai ciwon gwiwa, da ƙafa, don tasi ba ta wuce shinge. In ya dawo sai ya zauna a zaure ya ce, "Faɗa mini kuma, wace irin mota ce?" In faɗa. "Ta wace hanya ta bi?" In faɗa.

Zulai kuwa kullum da la'asar sai ta yi wanka, ta sa kwalli, ta turara ɗaki, ta ajiye wa Yaya gozo, tuwon rogo, da miyar ganyen koko a kwano mai murfi. Ta ce miji ba ya dawowa ya tarar da mace kamar buhun gawayi. Jiya ta tsokane ni yadda ta saba: "Akawu, an bar ka da shago ka kasa buɗewa? Karatu dai, karatu dai, ƙusa ɗaya ba ka iya bugawa." Da can da na rama sau uku kafin ta rufe baki. Na tashi na fita. Ta biyo ni da "Au, Akawu ya yi zuciya!"

Turaren nan yana hana ni numfashi.

Alhamis, 12 ga Disamba, bayan azahar

Karo na uku. Yau bakin Inna ya buɗe. Ta yi maganar Damagaram, da rasuwar mahaifinmu, da yadda ta yi goyon mu a ɗaki ɗaya bayan kasuwa. Duk na juya su Sango daidai. Sai ta ce, tana kallon tabarma, "Gaya mata wanda ya dawo ɗin ma bai dawo ba. Tun ranar bai kalli fuskata ba. In na shigo ɗaki ya fita. Na rasa ɗaya, ina tsoron biyu ne."

Na ce wa Madam, "Ta ce bayanta yana ciwo."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Maganarta doguwa, taka gajera." Na ce Hausa haka take, tana da ɓawo da yawa, in ka fere kaɗan ke saura. Ta ce, "Ina son ɓawon ma." Ta rubuta wani abu.

Me ta rubuta? Wa take kai wa littafin nan da yamma?

Asabar, 14 ga Disamba, da safe

A rumfar mai shayi ana ta yi wa Madam Odet dariya. Likitan surutu, suke ce mata. Wani ya ce matarsa ta fi ta iya aikin, ita ma ba ta ba da magani, kuma ba a layi. Amma ranar Alhamis da idona na ga biyu daga cikin masu dariyar suna raɓewa ta ƙofar baya, ɗaya har da rawani ya rufe baki kamar mai ciwon haƙori.

Na yi ta tunanin abin. Akwai wani littafin Faransanci marar bango da na tsinta wurin masu sayar da tsofaffin takardu, rabinsa gara ta ci, yana magana a kan irin wannan aiki. Na karanta da ƙamus a gefe. Abin da na fahimta, Turawa sun rasa mai sauraronsu a gida, shi ya sa suka mai da sauraro sana'a. Mu me za mu yi da shi? Muna da uwa, muna da liman, muna da zaure.

Sai dai kuma. Je ka zauren ka buɗe baki. Kafin ka kai rabin zance an ce maka haƙuri. Haƙuri, ƙaddara ce, Allah ya sa haka ya fi alheri. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma murfi ne. Ana ɗora maka shi tun tukunyar ba ta tafasa ba, don kada ta zubo a tabarmar mutane.

Ba wai ina kare ta ba ne. Maciji ma yana da kyan zane.

Litinin, 16 ga Disamba, bayan azahar

Yau ta nuna jahilcinta, da Dakar ɗin da komai.

Ta lura Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Kullum "yayan wannan", ko "mijin Zulai", ko "babban". Sai ta gyara zama ta ce, "Mama, ina so ki faɗa mini sunan ɗanki." Na ce mata Yahuza ne sunansa, rubuta. Ta ce a'a, daga bakinta take son ji. Wai wanda ya kasa kiran sunan abin da ya rasa, bai yarda ya rasa shi ba.

Na juya wa Inna maganar yadda take, da gangan, ban rage ko wasali ba.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Madam ta sake cewa, a hankali, kamar mai lallashin yaro, "Sau ɗaya kawai, Mama. Ba wanda zai ji." Inna ta miƙe. Ta ce, "Rilwanu, tambaye ta, a garinsu ba a haifi kowa da kunya ba ne?" Ta fita ko sallama babu. Ta bar takalminta ƙafa ɗaya, ni na ɗauko.

Ɗan fari! Shekara talatin da ɗaya Inna ba ta kira sunan nan ba, ko ranar suna, ko ranar aurensa. Ko ƙosai aka zo sayarwa mai tallan sunansa Yahuza, "kai mai ƙosai" za ta ce. Wannan ita ce ƙaunar da ta iya, a gabanta aka yi ta, sai wata mai tabarau ta kira ta ciwo.

Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi ƙwarai. An gama zuwa ɗakin nan.

Talata, 17 ga Disamba, da yamma

Baffa ya faɗi a hanyar dawowa, ya ƙuje gwiwa. Ya ce ba komai.

Alhamis, 19 ga Disamba, da la'asar

Na koma ni kaɗai, don in wanke ta. Ba don komai ba.

Na tsaya a bakin ƙofa na zazzage mata. Na ce kin zo unguwar mutane ba ki tambayi yadda suke kiran 'ya'yansu ba. Na ce uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kuma duk wanda ya sha nono a gidan Hausa ya san wannan ya fi kowace irin sumba da kuke yi a titi. Na ce littattafanku an rubuta su a ƙasar da ake kiran uba da sunansa. Na faɗi abubuwa da yawa. Faransancina yana kyau in raina ya ɓaci.

Na jira ta kare kanta. Sai ta cire tabarau ta ce, "Na yi kuskure. Na ga abu ban sani ba, na sa masa sunan abin da na sani. Na ci mutuncin mahaifiyarka." Shi ke nan. Mutum ya taho da gatari ya tarar ƙofa a buɗe.

Sai ta ce, "Kai fa? Kai ba ka da wannan kunyar. Kai za ka iya ba ni labarinsa."

Na ce ni tafinta ne, ba majinyaci ba. Na ce tukuna ma, me kike rubutawa, wa kike kai wa? Ta juyo littafin ta turo mini. Na duba. Babu sunan kowa, babu unguwa, haruffa ne da kwanan wata. A shafin Inna, can ƙasa, na ga an rubuta: "Ɗan. Ba ya zama. Kullum bayansa na jikin bango, idonsa na kan ƙofa. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake."

Na ce wa ya ba ki izinin sa ni a ciki? Ta ce in na so ta yage. Na ce ki bar shi, takardarki ce.

Wataƙila littafi biyu gare ta. Wannan na nunawa ne.

Litinin, 23 ga Disamba, da azahar

Ban je ba. Na wuce ta gaban asibitin sau uku, amma hanyar kasuwa ce.

Alhamis, 26 ga Disamba, da yamma

Ta zo gidanmu! Da rana tsaka, da ɗankwali a kanta wanda aka ga alama aro ne, da goro a ƙunshe. Ta zo ba Inna haƙuri. Kuma ba ta neme ni ba, da Talatu ta zo, ita ce tafinta.

Ina zaure ina jin su. Inna ta ƙi kulawa da farko, sai Madam ta ce, "Koya mini yadda zan kira shi a gabanki." Inna ta ce, "Ki ce babban." Ta ce babban, da bakinta na 'yan kogi, har Zulai ta yi dariya ta kawo mata ruwa. Daga nan suka sauke murya. Sun fi awa. Talatu ba ta fere komai, na san ta, har da ƙari take yi.

Da za ta fita ta wuce ni ta ce, "Bara mo, Rilwanu." Gaisuwa kawai. Ba ta ƙara ko kalma ba. Wannan ma dabara ce.

Yanzu su huɗu sun san abin da suka faɗa, ni ban sani ba. Talatu ta kalle ni wani iri da za ta shiga gidansu. Ko kuma ni ne nake ganin haka.

Litinin, 30 ga Disamba, bayan magariba

Wani mai tura kura ya gaya wa Baffa wai ya ga Yaya a Petevo, cikin yankin masu bore, yana ɗebo musu ruwa. Wai ya rame amma lafiyarsa ƙalau. Har da rigar da ke jikinsa ya kwatanta, shuɗiya.

Ƙarya yake yi. Fara ce.

Gidan ya cika da hamdala. Zulai ta yi sujada a tsakar gida, ta tashi da ƙasa a goshi tana dariya tana kuka. Baffa ya ce ba zai shiga azumi ɗansa na hannun mutane ba. Ranar Laraba ta sama zai tsallaka Petevo da kansa. Kowa ya san abin da ake yi wa mai hula da gemu a wancan shingen. Na ce Baffa kada ka je, mutumin nan maƙaryaci ne. Ya ce, "Ka san shi ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To ta yaya ka san ƙarya yake?"

Na ce jikina ne ya ba ni.

Ya ce, "Jikinka bai hana ka dawowa kai kaɗai ba." Sai ya yi istigfari, ya dafa kafaɗata. Gara da bai dafa ba.

Alhamis, 2 ga Janairu 1997, da safe

Kwana arba'in. Ba wanda ya ƙirga sai ni. Zulai tana kitso.

Lahadi, 5 ga Janairu, da hantsi

Tun asuba ake ruwan wuta a kudancin gari, jiragen Faransawa suna ta kewayawa. Ƙofofin shaguna na rawa. Na ce to yanzu dai Baffa zai fasa. Ya ce yanzu ne ma ya wajaba, yaron yana ƙarƙashin wannan wutar. Ya ba Zulai babbar rigarsa ta wanke.

Litinin, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Na zauna a kujerar.

Ban san ta ina na fara ba. Ina jin da katin na fara. Na ce mata sojan yaro ne, bai kai ni ba, da jan ido. Ya karɓi katina ya ce na jabu ne, Arabo ba ya zama ɗan ƙasa. A asibitin garin nan aka haife ni. Yana ta jujjuya katin, na gane bai iya karatu ba. Abokansa na kallo. Da na yi shiru, da Yaya ya ba su na sigari mun wuce, kamar kullum. Sai na ce masa, da Faransanci mai kyau, da ƙarfi yadda duk za su ji, "Kawo in karanta maka, tun da gwamnati ta ba ka bindiga ba ta ba ka haruffa ba."

Abokansa suka yi dariya. Dariyar nan ce.

Yaya ya shiga tsakaninmu yana tafa hannu, yana ba shi haƙuri, pardon shef, yaro ne, ba shi da hankali, pardon.

Sauran na faɗa mata. Ba zan rubuta ba. Na faɗa mata yadda aka sa shi a motar, da waɗanda suka ɗaga shi, da inda na tsaya ina kallo a bayan tankin ruwa, da abin da ya sa na tabbata. Na faɗa da Sango, don Faransancin ya gudu ya bar ni.

Ba ta rubuta komai ba. Ba ta ce haƙuri ba. Na jira ta ce ba laifina ba ne, don in ƙaryata ta, na riga na shirya amsa. Ba ta ce ba. Na ce, "To ki yi magana mana, ba aikinki ke nan ba? Ni na kashe shi ko ba ni ba?"

Ta ce, "Ni ba alƙali ba ce, ba liman ba. Ka yi magana, wani ya harba. Biyun duk sun faru, kuma ba abu ɗaya ba ne. Abin da na gani shi ne mutum ya ɗauki gawar ɗan'uwansa shi kaɗai kwana arba'in da huɗu, a gidan da ake dafa wa mamacin abinci."

Na kifa kai a gwiwa. Na daɗe. Ta bar ni.

Na ce ta je ta gaya musu, ita ta iya magana. Ta ce a'a. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita ta bakinta, ko ga soja ko ga uwa. Na ce in Baffa ya mutu ranar Laraba fa? Ta ce, "Shi ya sa ka zo yau, ba mako mai zuwa ba." Ta ce in ina so ta raka ni ta tsaya a waje. Na ce Allah ya kiyaye, a ce mace ta riƙo hannuna zuwa zauren ubana.

Har yanzu ban san wa ke biyanta ba.

Talata, 7 ga Janairu, da yamma

Sau biyu na shiga zaure. Sau biyu na tambayi Baffa gwiwarsa.

Laraba, 8 ga Janairu, da azahar

Yana ɗaura takalmi na faɗa masa. Ya riga ya sa rigar, hoton na aljihu. Na durƙusa na ce Baffa, Yaya bai hau motar nan da ƙafarsa ba. Na faɗi duka, har da maganar katin, ban fere komai ba.

Bai mare ni ba. Na so ya mare ni. Ya kwance igiyar takalmin a hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sau uku. Sai ya ce, "Ɗakin gawa sau shida na shiga, Rilwanu. Ina buɗe fuskokin 'ya'yan mutane." Ya ce, "Tashi ka kira liman. Kai za ka faɗa masa, ba ni ba."

Limamin unguwa ya sa na maimaita a gaban dattawa biyu, na rantse. Baffa ne ya shiga cikin gida. Ina tsaye a zaure na ji ƙarar kwano ya faɗi.

Alhamis, 9 ga Janairu, bayan la'asar

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Babu gawa, babu kabari, addu'a kawai. Na zauna can ƙarshe kusa da kwata, inda ba za a gan ni ba. Labarin katin ya riga ya zaga kasuwa, na ga masu nuna ni da haɓa. Wani ya ce, yadda zan ji, "Boko ke nan." Bakina ya motsa. Na danne shi da haƙori.

Amma mutane in sun gaisa da Baffa sai su biyo layi har inda nake. Su miƙo hannu. "Rilwanu, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Kalmar da na tsana. Mai shayi ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Kai ka ga abin da ba mu gani ba." Kwana arba'in da bakwai ana tambayata ina Yahuza, yau ne aka fara yi mini gaisuwar wanda aka yi wa mutuwa. Ban san murfin yana da wannan amfanin ba, in an bari tukunyar ta tafasa tukuna.

Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar salla, idonta a bushe, mata cike da ɗaki. Ba za ta yi kukan ɗan fari a gabansu ba. Ta ce, "Ɗago." Na ɗago. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka rame." Ta turo mini kwanon fura da ƙafa.

Madam Odet ba ta zo ba. Ta aiko Talatu da gaisuwa, wai ranar Litinin kujerar tana nan. Za mu gani.

Juma'a, 10 ga Janairu, ɗaya ga azumi, kafin shan ruwa

Zulai ta kira ni. Tana bayan labule, ban ga fuskarta ba, ƙafafunta kawai, da sauran lalle a jiki.

Ba ta ce Akawu ba. Ta ce, "Rilwanu, liman ya aiko mini. Ya ce takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Wata huɗu da kwana goma, wai na riga na ci kwana arba'in da takwas."

Na ce haka hukuncin yake, ba ki da laifi, ba ki sani ba.

Ta ce, "Na san ba ni da laifi. Ba fatawa na kira ka ka ba ni ba." "Kwana arba'in da takwas da ya kamata in zauna masa. Ina kwalli, ina turare, ina kitso, yana can inda ko likkafani bai samu ba. Kana kallona. Maganar da ka yi wa sojan, wannan tsakaninka da Allah, halinka ne, shi ma ya san halinka ya shiga gabanka. Amma kwanakin nan nawa ne. Su kaɗai suka rage in yi masa, ka ɗauke."

Na ce ki yafe mini.

Ta ce, "Ba yau ba."

Na yunƙura zan tashi, ta ce in zauna. Ta ce ita daga shekaranjiya za ta fara ƙirga nata, liman ya riƙe lissafinsa. Sannan ta ce, "Kai kaɗai ka ga ƙarshensa. Za ka faɗa mini, tun daga fitarku gida. Me ya ce a hanya, ya yi dariya ko bai yi ba, ina ya tsaya. Kada ka rage mini komai, kada ka gyara."

Na ce yana da tsawo, kuma ba daɗi.

Ta ce, "Ina da wata huɗu da kwana goma."

Na fara daga inda ya tsaya sayen gyaɗa. Mun kai bakin gada aka kira salla. Gobe bayan la'asar za mu tsallaka.